Ɗaukaka Ƙara Tun Alƙali Bai Gama Magana Ba

A wannan sati filinmu zai tsaya a kan wata tambaya da wani ɗan kasuwa ya kawo mana daga Damagaram, kuma mun tabbata ba shi kaɗai take damu ba.

Ga yadda abin yake. Ya ba wani ɗan kwangila siminti da ƙarfen gini bashi, har kuɗi suka kai miliyon 9 na Sefa a lissafinsa. Ɗan kwangila bai musa cin bashi ba, amma ya ce ya riga ya biya fiye da rabi, saura miliyon 4. Manyan kasuwa sun shiga tsakani, abin ya faskara, aka tafi kotu. Bayan watanni ana kai da kawowa, ranar hukunci ta zo. Alƙali ya karanta takarda cikin Faransanci, aka fassara wa Alhaji cewa an naɗa masanin lissafi ya duba littattafan ɓangarorin biyu, kuma shi mai ƙara ne zai fara ajiye kuɗin aikin masanin. Alhaji ya fito ransa a ɓace. Ya ce da mu: "Ni ke bin bashi, ni kuma aka ce in sake fidda kuɗi. Wannan alƙali ya kayar da ni. Gobe in ɗaukaka ƙara?"

Amsarmu a taƙaice ita ce: Alhaji, ka dakata. Amma kafin ka dakata, ka sa a karanta maka ƙarshen takardar kalma bayan kalma, domin a nan ne za ka san ko dakatawa za ta amfane ka ko za ta cuce ka. A wannan fage mai gaggawa yana hasara, mai sakaci ma yana hasara, kuma sau da yawa layi ɗaya ne a cikin takarda yake raba su.

Ba duk maganar alƙali ce hukuncin ƙarshe ba

Yawancinmu mun ɗauka duk ranar da alƙali ya hau kujera ya karanta takarda, to shara'a ta ƙare, wani ya ci wani ya faɗi. A tsarin kotunanmu ba haka ba ne. Tun daga ranar da aka shigar da ƙara har ranar da aka raba gardama, alƙali yana iya yanke hukunce-hukunce da dama waɗanda ba su taɓa gundarin magana ba. Yana iya naɗa masani ya auna fili ko ya duba lissafi. Yana iya cewa a kawo shaidu, ko ya ce shi da kansa zai je ya ga wurin da ake jayayya a kansa. Yana iya damƙa kayan da ake rigima a kansu a hannun wani amintacce har a gama. Irin wannan shi ne ake rubutawa a takarda da sunan "avant dire droit", ma'ana kafin a faɗi wanda ke da gaskiya. Mu a nan za mu kira shi hukuncin share fage.

Alƙalin da ya yanke hukuncin share fage bai saki shara'ar ba, tana nan a hannunsa. Bai ce Alhaji yana bin miliyon 9 ba, bai ce miliyon 4 ba. Abin da ya ce kawai shi ne idonsa bai ga isasshen haske ba tukuna. Rahoton da masanin zai kawo ma bai ɗaure alƙali ba: yana iya karɓar sa duka, yana iya karɓar wani sashe, yana iya ajiye shi gefe in ya ga bai gamsar ba. Kuɗin masanin da aka ce Alhaji ya ajiye su ma ba tara ba ne. Ajiya ce ta wucin gadi, kuma a hukuncin ƙarshe ne ake faɗin wanda zai ɗauki ɗawainiyar shara'a, wadda bisa al'ada take hawa kan wanda ya faɗi.

To, tunda kotun farko ba ta gama aikinta ba, kotun ɗaukaka ƙara ba ta da abin da za ta gyara. Aikinta shi ne ta sake duba abin da aka yanke. Abin da ba a yanke ba bai shigo huruminta ba. Shi ya sa duk takardar da ta iso gabanta, kafin ta tambayi wa ke da gaskiya, sai ta fara tambayar ko ɗaukaka ƙarar tana karɓuwa: an yi ta cikin wa'adi? An bi siga? Hukuncin da ake kuka da shi yana cikin waɗanda doka ta yarda a ɗaukaka nan take? In amsar ta ƙarshe a'a ce, sai ta rubuta kalma ɗaya, "irrecevable", ta maido da takardu inda suka fito. Ba za ta buɗe littafin bashi ba balle ta ƙirga buhun siminti.

Inda wannan ƙa'ida ta samo asali

Ƙa'idar tsohuwa ce. Kundin tsarin shara'ar farar hula na Faransa na 1806, a aya ta 451 da ta 452, ya raba hukuncin share fage gida biyu. Na ɗaya shi ne wanda yake shirya shara'a kawai, kuma ba a ɗaukaka ƙara a kansa sai tare da hukuncin ƙarshe. Na biyu shi ne wanda yake nuna inda alƙali ya karkata, kuma shi ana iya ɗaukaka ƙara a kansa nan take. A baki rabon yana da sauƙi, amma a aikace lauyoyi sun shafe fiye da ƙarni ɗaya suna gardama a kan wane ne ya nuna karkata, wane ne bai nuna ba. Sabon kundin Faransa na 1975 bai bi wancan rabo ba. A aya ta 544 da ta 545 ya kawo ma'auni mafi sauƙi: a daina karanta zuciyar alƙali, a karanta abin da ya rubuta a ƙarshen hukuncinsa.

Mu a Nijar mun daɗe muna aiki da dokokin tsarin shara'a da muka gada daga zamanin mulkin mallaka, har zuwa lokacin da aka kafa doka mai lamba 2015-23 ta ranar 23 ga Afrilu 2015, wadda ta ba ƙasa kundinta na tsarin shara'ar farar hula. Tushen tunanin bai sake ba: hukuncin da bai raba gardama ba yana jiran wanda ya raba, sai fa inda doka da kanta ta buɗe ƙofa.

Malamanmu ma ba baƙin wannan tunani ba ne. Duk wanda ya karanta Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, alƙalin Garnaɗa da ya rasu a 1426, ya san babin i'izari, inda alƙali yake tambayar wanda hukunci zai hau kansa ko yana da sauran hujja, kuma ya ɗiba masa lokaci ya kawo ta. Kafin i'izari, sauraron shaidu da jinkirtawa duk shiri ne. Ba a cewa an zalunci mutum alhali ana kan tambayarsa hujjarsa.

Dalilin dokar kuwa kowane ɗan kasuwa zai gane shi in ya juya al'amarin. A ce Alhaji ne ya nemi a naɗa masani, ɗan kwangila kuwa yana da damar ɗaukaka ƙara a kan kowane mataki. An naɗa masani, ya ɗaukaka. An kira shaidu, ya ɗaukaka. An ce a je a ga sito, ya ɗaukaka. Kowace ɗaukakawa takardu su tashi daga wannan kotu zuwa waccan, su dawo bayan watanni. Da haka mai taurin bashi zai tsufar da shara'a har mai kuɗi ya gaji ko ya mutu. A ƙarƙashin dokar tsarin kotuna ta 2004 kotunan ɗaukaka ƙara biyu ne a ƙasa, ta Yamai da ta Damagaram, kafin a ƙara ta Tawa. Mutumin Diffa yana cin fiye da kilomita 400 kafin ya iso Damagaram. Dokar da ta hana ɗaukaka ƙara a tsakiyar shara'a, irin su Alhaji take karewa, ko da yake yau shi ta tsaya wa a gaba.

Kuma a lura: haƙƙinsa bai faɗi ba, an jinkirta shi ne. In hukuncin ƙarshe ya zo bai yi masa daɗi ba, zai ɗaukaka ƙara a kan biyun a haɗe, ya faɗi duk abin da yake ganin kuskure ne a naɗin masanin da aikinsa.

Inda jira yake zama hasara

Sai dai a nan ne kuma ramin yake, domin akwai hukunce-hukuncen da suke sanye da rigar share fage alhali sun riga sun yanke wani abu.

Na farko shi ne hukunci mai ruwa biyu, wanda ake kira "mixte". Mu koma ga shara'ar Alhaji. A ce a ƙarshen takarda alƙali ya rubuta cewa bashin ƙarfen gini bai tabbata ba, an kore shi, sannan ya naɗa masani ya duba lissafin siminti kaɗai. Wannan takarda ta ƙunshi abu biyu. Sashen siminti yana jira, sashen ƙarfe kuwa an gama da shi, kuma alƙalin ba zai sake komawa kansa ba. Ƙofar ɗaukaka ƙara a buɗe take tun yau. In ɗan kwangila ya aiko wisiye ya sanar da Alhaji hukuncin a hukumance, wa'adi ya fara tafiya. In Alhaji ya zauna yana jiran rahoton masani har wa'adin ya cika, kuɗin ƙarfensa sun tafi ke nan, ko da yana da takardun shaida cike da akwati.

Na biyu shi ne hukuncin da bai taɓa gundarin magana ba amma ya rufe shara'ar. Misali, alƙali ya ce lokacin neman wannan bashi ya wuce, ko ya ce mai ƙara ba shi ne ke da haƙƙin shigar da ita ba, ko ya soke takardar sammaci ya sallami kowa. Ba a ƙirga kuɗi ba, amma ba sauran abin jira, domin ba wani hukunci da zai biyo baya. Wannan ma ana ɗaukaka ƙara a kansa nan take. Haka nan batun hurumi, wato ko wannan kotu ce ta dace ta saurari ƙarar, yana da nasa ƙa'idodi da nasa wa'adi, kuma ba a yi masa jinkiri.

Na uku su ne umarnin gaggawa da shugaban kotu yake bayarwa a zaman "référé", kamar a dakatar da gini ko a fitar da ɗan haya. Na wucin gadi ne, amma shara'a ce mai zaman kanta, ana ɗaukaka ƙara a kanta, kuma wa'adinta gajere ne ƙwarai, na kwanaki.

Saboda haka ma'aunin yana wuri ɗaya. Kowane hukunci yana da dogon bayani a sama, inda alƙali yake kawo abin da kowa ya faɗa da dalilan da ya duba. Daga ƙasa sai a ga kalmomi uku da manyan baƙaƙe: "PAR CES MOTIFS". Abin da ya biyo bayansu shi ne hukuncin. In alƙali ya ce a cikin bayaninsa na sama yana ganin alamar gaskiya ga ɗan kwangila, amma a ƙasa bai yanke kome ba sai naɗin masani, to share fage ne. In a ƙasa ya ce an tabbatar, ko an kore, ko an ɗora wa wane biyan kaza, to an yanke, ko da sunan da aka sa wa takardar a sama ya ce wani abu daban. Da aka karanta mana takardar Alhaji, ba mu ga kome a ƙasa ba sai naɗin masani da kuɗin ajiya da ɗage shara'a. Shi ya sa muka ce ya dakata.

Abin da ya shafi ma'aikata da masu jinginar gida

Ma'aikatan gwamnati da yawa suna cin bashin banki su ba da takardar gida jingina, ƴan kasuwa ma haka. In aka kai ga batun sayar da gida, dokar OHADA ce ke aiki. Nijar tana cikin ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar kafa wannan ƙungiya ta daidaita dokokin kasuwanci a Port-Louis ranar 17 ga Oktoba 1993. Dokarta ta karɓar bashi da zartar da hukunci, wadda aka kafa a 1998 aka sabunta a 2023, ta ƙara ƙuntata ƙofa. Aya ta 300 ta ce hukunce-hukuncen da ake yankewa a cikin shara'ar sayar da gida ba a ɗaukaka ƙara a kansu sai in sun shafi asalin bashin kansa, ko rashin cancantar ɗaya daga cikin masu shara'a, ko mallakar gidan, ko kasancewarsa cikin abin da doka ta hana a kama ko a sayar. Wanda ya ɗaukaka ƙara a kan wani abu daban da nufin ya ja lokaci, kuɗinsa kawai zai ɓata. Wanda kuma yake da ɗaya daga cikin waɗannan dalilai, ya faɗe shi a kan lokaci, tun ba a buga gwanjo ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A ƙara kula da wasu kalmomi biyu da alƙali yake rubutawa nan ƙarƙashin "PAR CES MOTIFS". In ya ce "en premier ressort", akwai hanyar ɗaukaka ƙara. In ya ce "en dernier ressort", doka ta ɗauki wannan hukunci a matsayin na farko kuma na ƙarshe, kotun ɗaukaka ƙara ba ta da hurumi a kansa, sai dai a nufi babbar kotu, wadda take duba ko an bi doka, ba ta sake sauraron shaidu. In batun na dokokin OHADA ne, babbar kotun ita ce kotun haɗin gwiwa da ke Abijan. Mutum ya ɓata wa'adinsa yana ƙwanƙwasa ƙofar da ba tasa ba, kafin ya farga ta gaskiyar ta rufe.

Abin da gaggawa take ci

A ce Alhaji bai ji shawara ba, ya ɗaukaka ƙara gobe. Zai biya kuɗin rajista da tambura, ya biya wisiye, ya ƙara wa lauya. Takardu za su bar kotun farko, kuma sau da yawa aikin masani yana tsayawa ana jiran abin da za a ce a sama. Bayan watanni a ce masa ƙararsa ba ta karɓuwa, a ɗora masa ɗawainiya, ya dawo daidai inda ya tashi. In kotu ta ga da gangan aka yi don a ja lokaci, tana iya ƙara masa da diyya ga abokin shara'a. Duk wannan lokaci ɗan kwangila yana cin kasuwarsa da kuɗin Alhaji, yana iya sayar da motarsa, ya sake wa filinsa suna. Sauri ya haifi nawa.

Akwai kuma wani abin da ba kowa ya sani ba. A wasu halaye, in kotun ɗaukaka ƙara ta karɓi ƙara a kan hukuncin da bai gama shara'a ba kuma ta rushe shi, tana da ikon ta riƙe shara'ar gaba ɗaya ta yanke ta da kanta in ta ga ta nuna. Ana kiran wannan "évocation". Yana rage lokaci, amma wanda ya faɗi a nan ya rasa zagaye na biyu da yake tsammani. Duk mai hanzarin hawa sama ya san da wannan.

In tsoron Alhaji shi ne kada ɗan kwangila ya ɓoye dukiyarsa kafin a gama, maganin yana nan a kotun farko. Aya ta 54 ta dokar OHADA da muka ambata ta ba wanda bashinsa yake da alamar tushe, kuma ya nuna akwai barazana ga karɓar sa, damar neman izinin alƙali a riƙe kayan wanda ake bi ko kuɗinsa na banki har a yanke hukunci. Wannan ya fi masa amfani fiye da tafiya sama. In kuma shakkarsa a kan masanin ne, misali ya san abokin cinikin ɗan kwangila ne ko danginsa, to ya kai kukansa ga alƙalin da ya naɗa shi tun aiki bai yi nisa ba, ya nemi a sake wani.

Shawararmu

Ranar da aka karanta hukunci, kada a dogara da fassarar bakin ƙofa, wadda ake yi cikin hayaniya a ce an ci ko an faɗi. A je ofishin girefiye a nemi kwafi. A kai wa lauya ko wani masanin doka da aka yarda da shi, a yi masa tambaya a fili: shin an yanke wani sashe na gundarin magana? Shin shara'ar ta rufe ko tana ci gaba? In ƙofa a buɗe take, kwana nawa ne wa'adi, kuma daga wace rana ake ƙirgawa, ranar karantawa ko ranar sanarwa? Wa'adin ya bambanta tsakanin shara'ar farar hula da ta kasuwanci da ta laifi da ta gaggawa, don haka kada a auna da abin da ya faru ga maƙwabci. Duk takardar da wisiye ya kawo, a rubuta ranar da ta zo, kada a cusa ta ƙarƙashin tabarmar shago a ce sai an natsu. Ƙin karɓar ta ma ba ya tsayar da wa'adi.

Shi kuwa Alhaji, ƙarfin da yake son ya kai kotun sama ya maida shi ga littafinsa. Ya tattara takardun fitar kaya daga sito, da rasiɗai, da sa hannun direbobin da suka ɗauka, ya jera su bisa kwanan wata. Ranar da masani ya kira ɓangarorin biyu, ya je da kansa ko ya aika wakili, ya sa a rubuta duk abin da bai yarda da shi ba a cikin rahoto. In miliyon 9 ɗin nan gaskiya ne, a teburin masanin ne za su fara bayyana, kuma hukuncin da aka gina a kan lissafi mai tsabta yana da wuyar rushewa ko an ɗaukaka ƙara daga baya.

Hausawa sun ce shara'a saɓanin hankali. Gaskiya ne, amma wani saɓanin daga rashin karanta takarda yake fitowa. Allah Ya raba mu da rigima, in kuwa ta zama dole Ya sa mu shige ta da idonmu a buɗe. Sai sati mai zuwa, in Allah Ya kai mu.